Zanen dala miliyan 86 da zanen bangon zaurenmu

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi wata magana da ta tsaya min a rai tun makon jiya. Muna zaune a majalisa bayan isha'i wajen mai shayi, sai wani ƙaninmu ya miƙo waya yana dariya har da riƙe ciki, wai ku zo ku ga abin da Turawa suka saya dala miliyan 86 da ɗoriya. Hoton wani zane ne na Mark Rothko, wani mai zane ɗan Amurka, ba mutum ba doki ba bishiya, launin ruwan lemo ne da ja da rawaya kawai a shimfiɗe falle falle, wanda aka yi gwanjonsa a kamfanin Christie's a Amurka a 2012. Nan fa majalisa ta kaure, wannan ya ce ai mai fentin da ya yi mana shago zai yi wanda ya fi shi kafin la'asar, wancan ya ce hanyar wanke kuɗin sata ce ba wani abu ba, wani dattijo ya ce kuɗi ne ya yi musu yawa har ya taɓa musu kai. Ni dai na yi shiru, ba don ba ni da ta cewa ba, sai don abin ya taɓa ni ta wani waje da ba zan iya bayaninsa a tsakiyar hayaniya ba.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, magini ne, kuma ba gini kaɗai yake yi ba, shi ne ake kira idan an gama zaure a zo a yi masa ado. Ina yaro ni nake riƙe masa kwanon ruwa. Zai tsaya gaban bango ya daɗe yana kallo ba ya cewa komai, sai ka ɗauka mantawa ya yi da abin da ya kawo shi, can sai ya yaɓa ƙasa ya sa yatsunsa ya fara ja, kuma dole ya gama kafin ta sha iska domin in ta bushe shi ke nan ba gyara. Dagi, da'ira cikin da'ira, layi ya hau kan layi ya nutse ya ɓullo ta can, ba ruler ba takarda ba komai, ido ne da hannu. Ban taɓa jin wani ya tsaya a gaban aikinsa ya ce to wannan hoton mene ne ba. Cewa ake kai wannan zaure ya yi kyau, ko a ce wannan hannun wane ne. To wannan shi ne abin da su suke kira abstirak, wato zanen da bai kwaikwayi surar wani abu da ido ya saba gani ba, launi da layi da yadda aka auna su su ne maganar gaba ɗaya.

Shi ya sa nake ganin in akwai mutanen da bai kamata su yi wa irin wannan zane dariya ba to mu ne Kanawa. Dubi hular da ke kanka. Dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, wa ya taɓa cewa sai ta yi kama da askar wanzami sak kafin a biya kuɗin aikin? Dubi zayyanar da ake yi wa allo ran sauka, da wadda magabata suke sawa a tsakanin rubutun Alƙur'ani na hannu, da zanen ƙwarya, da aikin dukawa a jikin fata, da abin da ke fitowa in marina Ƙofar Mata sun kwance ɗaurin zane bayan ya sha baba, har lallen da ake zana wa amare. A cikinsa aka haife mu. Kuma kowa ya san malamanmu sun yi magana mai nauyi a kan zana abu mai rai, wannan na cikin dalilan da suka sa fasahar Musulmi tun daga Andalus har nan ta karkata wajen rubutu da layi da launi. Turawa kuwa sai wajen 1910 irin su Kandinsky ɗan Rasha suka fara sakin sura, Malevich ya fito da baƙin murabba'insa a 1915 aka yi ta surutu, alhali a lokacin masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun shekarun 1830 ya kusa shekara tamanin a tsaye da adonsa.

Ba na cewa abu ɗaya ne sak, kar masu ilimin fannin su kama ni. Namu yana da ƙa'ida da ake gada, yaro ya koya wajen ubangidansa ya maimaita ya ɗan ƙara nasa, nasu kuma kowa ƙoƙari yake ya fito da abin da ke ransa shi kaɗai ko da ba wanda ya taɓa yin irinsa. Amma idon da ake kallonsu da shi ɗaya ne, idon da yake gane cewa wannan jan ya yi yawa, wancan layin ya karkace, nan an bar fili daidai.

Maganar cewa yaro ma zai iya kuwa, na sha jin ta, kuma ni ma da ina ganin aikin Baba sauƙi ne sai da ya ba ni wani ɓangare na bango a bayan gida ya ce gwada. Shi Rothko ba fenti ɗaya yake kwarawa ba, launi ne siriri siriri yake shafawa ɗaya bisa ɗaya har sai na ƙasa yana leƙowa ta cikin na sama, kuma zanukan manya ne sun fi tsayin mutum, so yake ka tsaya kusa har launin ya cika maka ido. To abin da aka yi shi don a tsaya a gabansa, mu kuma muna yanke masa hukunci a fuskar waya da ba ta kai tafin hannu ba, wannan ba adalci ba ne. Kamar a ɗauki hoton shadda ne a ce ka faɗi kyanta ba ka taɓa ta ba, ba ka ga yadda take ɗaukar ido a rana ba. Kuma mutumin nan ba bawan kuɗi ba ne, an taɓa ba shi kwangilar zanuka na wani gidan cin abinci na masu hannu da shuni a New York, da ya je ya ga wurin da irin masu cin abinci a ciki sai ya mayar da kuɗin ya riƙe kayansa, daga baya ya ba gidan adana zane na Tate da ke Landan guda tara kyauta. Ya mutu a 1970, miliyoyin nan da ake ambata bai ga ko ƙwandala a ciki ba.

Sai dai fa inda 'yan majalisarmu suke da gaskiya dole in ba su. Kuɗin da ake saya ba shi ne ma'aunin kyau ba, ko kusa. A 2015 wani attajirin Amurka Ken Griffin ya sayi aikin mai zane Willem de Kooning guda ɗaya dala miliyan 300, ya haɗa da na Jackson Pollock miliyan 200, ba wanda zai ce min wai kyansu ya ninka na sauran masu zane sau dubu ne. Mu 'yan kasuwa ne a garin nan mun san yadda abin yake, fili a Nasarawa GRA da fili a bayan gari duk ƙasa ce ja iri ɗaya, shadda kuma a Kantin Kwari da zarar an ga sunan Getzner a bakinta farashi ya canza. Suna ake saya, da ƙarancin abin tunda mai shi ya mutu ba za a ƙara wani ba, da takardun da ke nuna hannun wa da wa ya bi tun daga ranar da aka zana shi, da manyan gidajen da suka taɓa rataye shi, sannan ga dillalai da masu gwanjo da ke cin kamasho wanda tashin farashin shi ne abincinsu. Wasu masu sayen ma ba ratayewa suke ba, a sito suke kullewa a irin su birnin Janiba na ƙasar Switzerland kamar yadda wani zai ajiye gwal.

Abin da ya fi nuna haka shi ne badaƙalar gidan sayar da zane na Knoedler a New York, gida ne da ya haura shekara 160 yana kasuwanci amma ya rufe a 2011 bayan an gano ya sayar da zanuka kusan 40 na jabu da sunan su Rothko da Pollock, kuɗin ya haura dala miliyan 60, ashe wani ɗan China ne yake zana su a gidansa ana biyansa 'yan dubbai. Zane ɗaya an saye shi sama da dala miliyan 8, ran da aka gane ba hannun Rothko ba ne ya koma ba a bakin komai ba, alhali launin bai canza ba ko ɗigo. To ka ga kenan kyau daban, farashi daban, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya ko don ya yaba ko don ya kushe ya yi kuskure.

Nan ne inda abin yake min ciwo Malam Edita. In suna da tarihi da takarda su ne ke ba zane daraja a kasuwa, to mu me muka ajiye? Baba ya yi ado a zauruka da ban san adadinsu ba a cikin birni, ba inda aka rubuta sunansa, ba hoto, ba littafi, abin da ake ba shi bai wuce na cefanen 'yan kwanaki ba. Yawancinsu yau an rushe an sa bulo da tayil. Har yadda ake haɗa laso da katsin marina da gashin majema da dafara, da makubar da ake samu daga ɓawon ɗorawa don kar ruwa ya ci bango, yaran yanzu nawa ne suka sani? Akwai wata mata 'yar Suwidin, Hilma af Klint, ta fara irin wannan zane tun 1906 kafin su Kandinsky, ba wanda ya san da ita, ta mutu a 1944, amma da yake danginta sun adana zanukan da littattafan da take rubutu a ciki, da aka baje su a gidan adana zane na Guggenheim da ke New York a 2018 mutum sama da 600,000 ne suka je kallo. Adanawa ce kawai ta cece ta. Da a ce bangon ƙasa ta yi wa a wani lungu da tuni an manta.

Kuma ba sai mun je Turai ba. A Zariya nan kusa da mu ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu suka ce ba za su yi ta kwaikwayon malamansu Turawa ba, kowa ya koma ya ɗebo daga gidansu. Okeke ya ɗauko zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango ya kai shi duniya. El Anatsui ɗan Ghana da ya yi shekaru yana koyarwa a Nsukka, da murafen kwalba yake saƙa abubuwa kamar ƙaton zane, yau manyan gidajen adana fasaha na duniya rububinsa suke. A Legas ana gwanjon zane, ana taron baje kolin zane na Art X tun 2016, zanen Tutu na mai zane ɗan Najeriya Ben Enwonwu an saye shi fam miliyan 1.2 a Landan a 2018. Mu da sashen koyon zane na ABU yake a ƙofar gidanmu, da dagi da zayyana a hannunmu, yaro in ya ce zai karanta zane sai a ce masa zai ƙare a rubuta allon shago da lambar Adaidaita. Na san wata yarinya a unguwarmu da take haɗa launi da harufan ajami a kan kyalle, wallahi in ka tsaya gabansa sai ka ji natsuwa, amma a ƙarƙashin gado take ajiyewa saboda duk wanda ya gani tambayarsa ɗaya ce, wai hoton mene ne wannan.

Roƙona ga hukumar tarihi da al'adu ta jiha da masu kula da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, a ware ko ɗaki ɗaya ne da masu zane na yanzu za su riƙa rataye aikinsu ana zuwa gani ana saya, kowane aiki da sunan mai shi da shekarar da aka yi shi a rubuce a gefe. Attajiranmu da ke cika falo da hotunan bugun inji daga Dubai, dan Allah a gwada sayen na yaran gida ko guda ɗaya ne, a karɓi rasit a ajiye, haka su ma can suka fara. Masu ɗinkin hula da riga kuma a daina ɓoye sunansu a bayan na mai shago.

Kai kuma Malam Edita ga nawa roƙon gare ka kai tsaye. Akwai sauran zaure ɗaya a cikin birni da na tabbatar hannun Baba ne, dagin da ke saman ƙofar har yanzu ana ganin sawun yatsunsa, magada sun ce min bayan damina za su sauke shi su yi shaguna, kuma ban ga laifinsu ba gidansu ne. Ni zan je da wayata in ɗauka, amma in za ka turo wakilinka da kyamara mai kyau zan raka shi da ƙafata, kuma akwai tsofaffin magina biyu da suka rage a unguwar waɗanda za su iya nuna masa wane bango na wane ne tun suna da rai.

Na gode, wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
ɗan magini daga cikin birnin Kano