Zuwa Ga Mamana, Sabuwar Lauya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kin sauka Legas lafiya, mahaifiyarki ta ce an ajiye ki a sashen shari'o'in haƙƙin mallaka da fasahar zamani. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sa albarka. Tun kina Makarantar Lauyoyi ta Bagauda nake son mu yi maganar nan.

Shekara talatin na yi ina hawa da sauka a Babbar Kotun Tarayya, don ita kaɗai tsarin mulkin 1999 ya ba ikon sauraron irin wannan ƙara. Da na fara, kaset ne da littafi. Sai mu shiga kasuwa mu sayo na jabu, mu karɓi rasit, mu ajiye gaban alƙali. Ɓarawon yau kuwa ba shi da rumfa, a cikin waya yake.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Wani matashin mawaƙi ya taɓa zuwa wurina, an ɗora waƙoƙinsa a intanet, wani can yana kwasar kuɗin. Gaskiya tana hannunmu. Na buga shafukan a takarda na kai kotu, amma ban haɗa da takardar tabbacin da sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya wajabta a kan abin da ya fito daga kwamfuta ba. Lauyan wancan ɓangaren ya miƙe, alƙali ya ƙi karɓar hujjar. Yaron bai ce mini uffan ba, sai da muka fito ya tambaye ni ko da sauran kuɗin da nake binsa. Har yau abin yana ci mini rai.

Mamana, kada ki bar wa injiniya sanin na'ura, ki ce naki doka. Ki zauna da shi, ki yi ta tambaya har sai kin iya yi wa kakarki bayanin abin da Hausa. A Amurka, kamfanonin Oracle da Google sun ja shari'a daga 2010 har 2021 a kan layukan rubutun manhajar kwamfuta kusan 11,500, kuma alƙalan ma sai da aka fahimtar da su aikin layukan.

Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ki karanta ta da kanki, musamman inda ta yi maganar cire kayan sata daga intanet. Idan marubuci ko mawaƙi ya zo miki ba ko sisi, ki ba shi kujera, ki tuna masa cewa sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce.

Mahaifiyarki tana gaishe ki. Ta ba direba ƙunshin kilishi da yaji, ki kira ta in sun iso.

Mahaifinki.