A Daina Saita Fitilar Tankin Murjani Da Ido

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin jan hankalin 'yan'uwa da suka fara kiwon murjani mai rai a tankin gilashi a nan Abuja. Sau da yawa sabon murjani yakan yi fari fat cikin makonni kaɗan, sai a ɗora laifin a kan gishiri ko a kan wanda ya sayar, alhali fitilar LED da aka ƙure wa ƙarfi ce ta yi ɓarnar.

Murjani dabba ce, amma a cikin naman jikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin gansakuka da ke amfani da haske su haɗa abinci su ciyar da shi. Sun fi cin moriyar haske shuɗi da na shunayya, wajen nanomita 420 zuwa 470 (nanomita ma'auni ne da ake bambance launukan haske da shi). Shi kuwa idon ɗan'adam ya fi ganin kore mai ratsin rawaya, wajen nanomita 555. Shi ya sa mutum zai ga tankinsa dishi-dishi ya yi ta murɗa maɓalli, bai san murjanin ya riga ya ƙoshi ba. Idan haske ya wuce kima, ƙwayoyin nan sukan fitar da sinadarai masu ƙona naman murjanin, sai ya kore su daga jikinsa. Farin da ake gani ke nan.

Don haka adadin wat da aka rubuta a kwali ba shi ne abin dubawa ba. Ma'aunin da ake aiki da shi sunansa PAR, wato yawan hasken da tsiro zai iya amfani da shi a daidai inda yake zaune. Murjani mai taushi, irin mai kama da laimar kwaɗi da su Zoanthus, PAR 50 zuwa 120 ya ishe shi. Mai ƙashi da manyan baki, kamar Euphyllia, 75 zuwa 150. Mai rassa da ƙananan baki, musamman Acropora, shi ke son 200 zuwa 350, kuma ba ma ba sabon shiga shawarar ya fara da shi. Na'urar awon da ake tsomawa a ruwa, irin Apogee MQ-510, tana da tsada, amma ba kullum ake bukatarta ba. Mutum huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗi su riƙa karɓa-karɓa. A auna hasken yayin da famfunan ruwa ke aiki, a kan yashi, da tsakiyar dutse, da ƙololuwarsa, da kusurwoyi huɗu, a rubuta a takarda. Manhajar awon haske ta waya an gina ta ne a kan idon mutum, tana raina shuɗi ƙwarai, kada a dogara da ita.

Wajen saye, a nemi fitilar da ake iya rage shuɗinta daban, farinta daban. Sannan a dubi yadda take baza haske, domin a nan aka fi yin asara. Ƙaramar fitila guda irin AI Prime ba ta wuce rufe santimita 60 a tsawo da faɗi, saboda haka tanki mai tsawon santimita 120 biyu yake so, ba guda ɗaya mai ƙarfi a tsakiya ba. Guda ɗayan za ta ƙona abin da ke ƙarƙashinta, gefuna su zauna a duhu, gindin murjani mai rassa kuma ya mutu saboda inuwar kansa. Tankin da zurfinsa bai kai santimita 60 ba ya fi dacewa da gilashin kwan fitila mai buɗin digiri 90 zuwa 120. A rataye ta santimita 20 zuwa 30 sama da ruwa. Fitilun LED masu araha, masu siffar baƙin akwati da maɓalli biyu, suna rayar da murjani sarai, sai dai haskensu a tsuke yake, a ɗaga su zuwa santimita 35 ko 40, a bar farin ƙasa-ƙasa. Fitilar tankin ruwan daɗi mai kelbin 6,500 (kelbin ma'aunin launin hasken fitila ne, yana hawa haske na ƙara shuɗi) kuwa launin murjani takan mayar ruwan ƙasa; masu tankin ruwan gishiri sun fi zama tsakanin 14,000 da 20,000.

Saitawa ita ce ke bukatar haƙuri. A fara da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, a riƙa ƙara kashi 5 kacal a kowane mako har a kai lambar PAR da ake nema. Shuɗi da shunayya su ɗauki mafi yawan aikin, fari ya tsaya wajen kashi 20 zuwa 30, ja da kore ɗan taɓawa kawai. Awa ɗaya haske na hawa, awa takwas yana tsaye, awa ɗaya yana sauka, sai duhu na gaske, domin shuɗin da wasu ke bari har asuba ba ya ƙara wa murjani komai. Duk sabon murjani a fara ajiye shi a kan yashi na mako biyu kafin a matsar da shi sama.

Shi kansa murjanin yana nuna halin da yake ciki. Idan launinsa na koɗewa daga saman da ke fuskantar fitila, ko yana tsuke baki da tsakar lokacin haske ya buɗe da yamma, haske ya yi yawa: a rage kashi 20 nan take ko a sauko da shi ƙasa. Idan ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ko Zoanthus na miƙa dogon wuya sama, haske bai isa ba, kuma wannan ba abin gaggawa ba ne, ƙarancin haske ba ya kisa da wuri. Kafin a taɓa fitila dai a gwada ruwa. Inda naitiret da fosfet, sinadaran da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ragowar abinci, suka faɗi zuwa sifili, ko matsakaicin haske yakan koɗar da launi. A riƙe naitiret tsakanin 2 da 10 ppm (wato kashi cikin miliyan), fosfet 0.03 zuwa 0.1. Kuma abu ɗaya ake canzawa a jira mako biyu, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Akwai abin da littattafan waje ba sa faɗa wa mazaunin Abuja. Murjani na son ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 26, mu kuwa a Maris da Afrilu zafin gari yakan haura 35. Ruwa ya zarce 29 ga haske mai ƙarfi, fari ya zo ke nan. A bazara a rage fitila da kashi 10 zuwa 20, a mayar da lokacin kunnata zuwa bayan la'asar, a sa ƙaramar fanka ta riƙa busa saman ruwan. Ruwan da ya ƙafe a cike shi da tataccen ruwa marar gishiri, tunda gishirin bai tafi ko'ina ba.

Idan aka ɗauke wuta, famfon da ke motsa ruwa za a fara ɗorawa a kan inbata, ba fitila ba. Murjani zai yi kwana biyu ko uku a duhu lafiya lau, amma ruwan da ya tsaya cak iskarsa na iya ƙarewa cikin 'yan awanni. Kada a rama awannin da aka rasa da ƙarin haske. A duba agogon fitilar bayan wuta ta dawo, domin wasu sukan rikice su kunna da tsakar dare, a kuma sa mata abin kariya daga hauhawar wuta, musamman inda ake sauyawa zuwa janareta. Wanda ya yi odar fitila daga Amurka ya tabbatar an rubuta 100 zuwa 240V a jikin adaftarta.

Ƙurar hunturu da feshin gishiri sukan dasƙare a gilashin fitila su toshe fankarta. Kowane mako biyu a cire ta daga soket, ta huce, a goge da tsumma mai laushi da tataccen ruwa. In an daɗe ba a goge ba, a rage haske da kashi 10 bayan gugar, domin zai ƙaru farat ɗaya. Haka ma idan an sa sabon gawayin tace ruwa, ruwan yakan yi garau haske ya ƙara ratsa shi.

Ga masu shigo da kaya kuma: murjani mai ƙashi yana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ke cikin haɗarin ɓacewa, sai da takardar izini ake ƙetare iyaka da shi. Mai saye yana da haƙƙin tambayar takardar, ya kuma tambayi PAR nawa murjanin yake samu a tankin mai sayarwa, domin daga wannan lambar ko ƙasa da ita zai fara a nasa tankin.

Wassalam,
Wasu masu kiwon kifin ado da murjani, Gwarinpa, Abuja.