Barka da Sallah daga Paris

Zuwa ga Baba da Inna da dukan mutanen gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku barka da Sallah, Allah ya karɓi layyarku, ya maimaita mana. Ni ma lafiyata lau, sai dai kewar gida.

Mun yi idi a babban masallacin Paris, amma da aka sallame kowa ya kama gabansa, wasu ma wurin aiki suka wuce, domin a nan Sallah ba ranar hutu ba ce. Doka ta hana yanka rago a gida, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, mutum ya je wurin mahauci ya karɓo namansa a leda. Na tsaya a bakin titi ina shaƙar iska ko zan ji hayaƙi, ban ji ba. Na san a daidai wannan lokaci an gama fiɗa, an banƙare raguna a kan sanduna an kewaye wuta da su a ƙofar gida, kitse yana ɗiga a garwashi, Inna kuma tana tsakar gida tana suyar kayan ciki, tana korar yara daga bakin tukunya. Gobe a shiga rabo gida gida. Wannan hayaƙin da ke rufe unguwar Birni har dare, ya kama tufafi kwana uku, shi na rasa yau fiye da naman kansa.

Da kaɗaici ya dame ni sai na tsallaka titi zuwa lambun Jardin des Plantes, wanda ke maƙwabtaka da masallacin, na shiga zauren da ake ajiye ƙasusuwan dabbobin da. Akwai wani ƙaton kada da aka tono a Gadoufaoua, cikin jihar Agadas, kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Wata masaniya, France de Broin, ita da Philippe Taquet suka raɗa masa suna Sarcosuchus a 1966. Na daɗe tsaye a gabansa kamar na gamu da ɗan gida, kuma a nan ne maganar Goggo ta faɗo mini, wadda ta yi ranar da zan taho karatun ilimin ƙasa da duwatsu: me mace za ta yi da duwatsu? A lokacin kunya ta hana ni amsawa. Baba, ina roƙo ku karanta mata abin da ke biye.

Akwai wata Bafaransa mai suna Henriette Alimen, wadda aka haifa a 1900 a wani ƙaramin gari kusa da Bordeaux. Ta yi karatu a makarantar horar da malamai mata ta Fontenay-aux-Roses, daga baya ta koyar a cikinta. A 1936 ta samu digirin digirgir da bincike a kan yashin da ke kewayen Paris, wanda teku ya shimfiɗa kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, har yanzu kuma ana tsintar bawon dabbobin ruwa a cikinsa. Ku lura da shekarar, domin a lokacin macen Faransa ko ƙuri'a ba ta jefawa, sai a 1944 aka ba su wannan dama.

Abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne aikinta na Sahara. Bayan ta koma cibiyar binciken kimiyya ta ƙasarsu, CNRS, shekarunta sun tasam ma 50, ta riƙa zuwa kwarin Saoura da Béni Abbès da tsaunukan Ougarta a Aljeriya, cikin zafin da kun san irinsa. Takan bi gaɓar ƙorama tana duba yadda ƙasa ta hau kan ƙasa: inda tsakuwa ta mulmule, ruwa mai ƙarfi ne ya gangaro da ita, inda rairayi ya taru kuwa, fari ne da iska. Da haka ita da ɗalibanta suka jera zamunnan da Sahara ta jiƙe da waɗanda ta bushe, suka kuma gane a wane hawa ake samun gaturan dutse da mutanen farko suka sassaƙa. Da na fara karanta wannan sai na tuna da gatarin aradun da Kaka take ajiyewa a ƙasan adakarta, mai santsi da sanyi a tafin hannu. Na Kaka gogagge ne, na baya bayan nan, na Saoura kuwa fasassu ne kuma sun girme shi da dubban ɗaruruwan shekaru, amma duka hannun ɗan Adam ne ya yi su.

A 1955 ta fitar da littafinta Préhistoire de l'Afrique, wanda ya tattara labarin mutanen da na nahiyarmu baki ɗaya, aka kuma fassara shi da Turanci. Ta jagoranci ɗakin bincike a Bellevue, kusa da Paris, ta shugabanci ƙungiyar masana tarihin mutanen da ta Faransa, da ta masana ilimin ƙasa da duwatsu. Ta rasu a 1996 tana da shekara 95.

Ban ɓoye muku ba, a zamanin mulkin mallaka ta fara wannan aiki, kuma raina yana sosuwa in na ga ƙasarmu ce ake karantawa amma sunayen baƙi ne a kan littattafan. Shi ya sa nake son in gama in dawo, in riƙe guduma da littafin rubutu a Ayar da Tenere kamar yadda ta riƙe a Saoura.

Ina gaida Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ina gaida Inna, kuma don Allah ta bar wa ƴan mata tsayuwa a kan wuta saboda ciwon ƙafarta, ta zauna ta riƙa ba da umarni kawai. Ina gaida Goggo gaisuwa ta musamman, na san tausayina ne ya sa ta yi waccan magana. A gaida Kawu da iyalinsa, da Yaya da matarsa, da mutanen Zengou. Kaka kuwa, a zauna kusa da kunnenta a faɗa mata ina lafiya, ina sallah a kan lokaci, ina sa rigar sanyi, kuma turaren wutar da ta ƙulla mini bai ƙare ba, yau ma shi na kunna. Kada ta ba kowa dutsen nan, nawa ne. Auta kuma ya ɗauko mini hoton hawan Sarki in sun je ƙofar fada, ya kuma ɗebi soyayyen nama ya adana mini a gwangwani, wataƙila a samu mai tahowa.

Wassalam,
Ƴarku