Rahoton Ayyukan Shekara: Daga Bakin Gulbi Zuwa Kwamin Gasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu 'yan ƙungiyarmu ta horar da yara iyo, ga bayanin abin da kwamiti ya yi da amanar yaranku a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun Ma'aji, shi zai karanto shi dalla-dalla ranar babban taro. Ni nawa shi ne in faɗi abin da ya gudana a ruwa. Alhamdu lillahi, mun shiga shekarar mun fita ba mu rasa ɗan kowa ba, ba a kuma tsamo ko ɗaya a sume ba.

Abin da muka sa gaba

A taron bara wani dattijonmu ya yi tambayar da ta tsaya mana a rai. Ɗan Argungu da ruwa ya tashi. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a Matan Fada, a 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa, kuma duk wanda ya taɓa kallon Kabanci, wato wasannin ruwa na bikin, ya ga tseren iyo da nutso da kamun agwagwa da hannu. To, me ya sa idan aka je wasannin ƙasa sai ka ji jihohi irin su Delta da Bayelsa da Ribas ne ke kwashe lambobin iyo?

Amsar da shekarar nan ta ba mu ita ce iyon gulbi daban, iyon gasa daban. Mai iyo a gulbi dole ya ɗaga kai, domin yana duban kwale-kwale, yana duban inda ruwa ke jan sa. A gulbi wannan hankali ne. A gasa kuwa asara ce, don da zarar kai ya tashi sai ƙugu da ƙafafu su nutse, yaro ya koma yana tura ruwa da ƙirji. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, saboda haka ɗan karkacewar da ba a damuwa da ita a gudun ƙasa, a ruwa ita ke cinye ƙarfin yaro. Yaranmu ba ƙarfi suka rasa ba, ba kuma zuciya ba. Sabon da suka taso da shi ne ya kamata a warware, shi kuwa sabo ba ya warwaruwa da zuwan ganin dama.

Don haka muka tsayar da ranaku uku a mako: Alhamis da Juma'a bayan La'asar, tunda babu makarantar allo, sai Lahadi da hantsi bayan mun nemi izinin malaman Islamiyya. Muka auna mita 25 a wani lungu mara zurfi inda ruwa ba ya gudu sosai, muka ja igiya, muka ɗaɗɗaura mata goruna su zama iyakar layi. Masunta ne suka ba mu gorunan kyauta, Allah ya saka musu da alheri.

Babban canjin da muka yi shi ne daina gyara komai lokaci guda. A da, yaro zai fito daga ruwa, wannan ya ce masa hannunka, wancan ya ce ƙafarka, wani ya ce numfashinka, sai ya koma bai riƙe ko ɗaya ba. Bana kuwa aibi ɗaya ake ɗauka, a zauna a kansa har ya kau. Makonnin farko ba abin da aka yi sai koyon fesar da numfashi a cikin ruwa, a juya fuska gefe a shaƙi iska ba tare da an ɗaga kai ba. Yara sun gaji da shi, wasu iyayen ma sun yi ƙorafi cewa ɗansu da ke haye gulbi an mai da shi yana hura kumfa kamar jinjiri. Mun ji, amma ba mu sauya ba, kuma ina ganin da mun sauya da shekarar ta tafi a banza. Bayan numfashi aka koma kan miƙe jiki ɗoɗar, sannan bugun ƙafa daga cinya ba daga gwiwa ba, sai daga ƙarshe kamun ruwa da hannu.

Ma'aunin da ya fi yi mana amfani ba agogo ba ne, ƙirga hannu ne. Kowane yaro ya san sau nawa yake jefa hannu kafin ya cinye mita 25, ana rubutawa a littafi gaban sunansa. Idan adadin ya ragu alhali gudun bai ragu ba, to gyara ya shiga. Agogo kuwa a gulbi ba ya faɗin gaskiya, domin jan ruwan yau ba shi ne na gobe ba.

Littafin nan ya nuna mana abin da ya kamata kowane uba ya ji. Akwai wani ɗan masunci da a farkon shekara babu mai kamo shi. Akwai kuma wani siririn yaro da ya zo mana ko fuska ba ya iya tsomawa. Na biyun bai taɓa fashi ba sai ran da zazzaɓi ya kwantar da shi. A gwajin ƙarshen shekara tare suka taɓa igiya. Kada wani ya ce na farkon malalaci ne, ba haka ba ne. Lokacin atisayenmu ya yi karo da lokacin da yake taya mahaifinsa jan taru. Laifin na tsarinmu ne, kuma akwai irinsa da yawa cikin yaran da suka fi kowa baiwa.

Zuwa kwami

Gulbi ba shi da bango, gasa kuwa kusan rabinta a bango take. Shi ya sa muke ɗaukar yara sau ɗaya a wata zuwa Birnin Kebbi, inda wani otal ke ba mu hayar kwaminsa. Kwamin gasa mita 50 ne ko 25, wannan bai kai ba, amma yana da bango. A nan suka koyi tashi da jin usur, da juyawa, da dokokin hukumar iyo ta duniya, wadda a da ake kira FINA kafin ta sauya suna a ƙarshen 2022. A iyon kwaɗo da iyon malam-buɗe-littafi dole a taɓa bango da hannu biyu lokaci guda. A iyon rub-da-ciki da na rigingine da na malam-buɗe-littafi, kai zai fito saman ruwa kafin a wuce mita 15 daga tashi ko juyawa. Wanda ya riga usur tashi sau ɗaya tak, an fitar da shi. Zuwanmu na farko, da gasa ce ta gaske da yawancinsu an kore su, saboda nutso ya zame musu abin alfahari.

Sau biyu muka yi tattaki muka tarar ruwan ya yi kore, muka juyo da yara ba su jiƙa ko ƙafa ba. Yanzu sai wani ya je ya gani da idonsa kafin a ɗauki mota. Ranar da suka karaya da ƙanƙantar kwamin, koci ya ba su labarin Eric Moussambani na ƙasar Ikwatoriyal Gini, wanda a ƙaramin kwamin otal ya koyi iyo. A gasar Olamfik ta Sidni a 2000 ya yi mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72, da ƙyar ya kai. Bai bari ba, daga baya ya sauko da lokacinsa ƙasa da minti ɗaya.

Lafiya da tsaro

Da gulbi ya kawo a tsakiyar damina mun dakatar da shiga ruwa baki ɗaya. Cikin tsananin hunturu da watan azumi ma an koma motsa jiki a tudu: miƙa, tsallen igiya da ƙarfafa kafaɗa. Ranakun dai ba a soke su ba, domin yaron da ya yi wata biyu ba ya zuwa da wuya ya dawo.

Mun haramta gasar daɗewa a nutse tsakanin yara, ko da wasa. Mai jan numfashi da sauri-sauri kafin ya nutsa yana kashe alamar da ke gaya wa jiki ya fito, sai ya sume a ƙasan ruwa babu ko motsi, kuma gwanaye abin ya fi samu. Haka nan babu mai shiga ruwa sai da babba a bakin gaɓa riƙe da igiya. Jihar da ta ga hatsarin jirgin ruwan Warrah a watan Mayun 2021 ba ta bukatar a yi mata dogon bayani kan wannan.

Sai tsargiya. Wasu yaran sun ɓoye cewa suna fitsarin jini don kada a hana su ruwa. Iyaye, don Allah ku riƙa tambaya. Tana da magani a asibiti, barin ta kuwa yana lalata mafitsara, yana kuma rage wa yaro jini.

Inda muka gaza

Ba mu kai ko yaro ɗaya gasar matasa ta ƙasa ba. Gasa ce ta 'yan ƙasa da shekara 15, ana neman shaidar haihuwa, mu kuma ba mu fara tattarawa ba sai da lokaci ya ƙure. Wannan sakacin kwamiti ne, mun ɗauka. Batun 'yan mata ma yana nan inda muka bar shi bara. Iyaye mata sun nema, amma ba mu samu mai horarwa mace da killataccen wuri ba, kuma ba za mu fara ba sai da su.

A babban taro za mu kawo shawarwari uku ku yanke: a buɗe zangon sassafe domin 'ya'yan masunta, a mai da zuwa kwami sau biyu a wata idan aljihu ya ɗauka, a kuma sayi tabaran ruwa, don sinadarin kwami yana jan idon yara. Kowane uba ya zo da takardar haihuwar ɗansa ranar, wanda ba shi da ita ya faɗa mana tun yanzu mu raka shi ofishin hukumar ƙidaya. Littafin atisaye zai kasance a kan tebur ga duk mai son duba shafin ɗansa.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa