A Riƙa Tunawa da Masu Larurar Gani a Shirin Girke-girke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da shirin girke-girken da gidan rediyonku yake gabatarwa, wanda ni da mahaifiyata ba ma bari ya wuce mu. Hawan jinin ido ya raba ta da ganinta shekaru shida da suka wuce, amma har yau ita take tuƙa tuwon gidanmu, duk da cewa da farko mu 'ya'yanta mun so hana ta shiga madafi saboda tsoron wuta, abin da daga baya muka gane cewa tauye ta muka yi niyyar yi da sunan tausayi.

Ƙorafina shi ne, masu gabatar da shirin suna bayani tamkar kowa yana leƙa tukunyar. Sai a ce a soya ƙosai har ya yi ja, ko a zuba gishiri daidai misali, alhali mai larurar gani ba ta da abin kamawa a irin wannan bayani. Mahaifiyata da kunne take sanin mai ya yi zafi, domin takan ɗiga ɗan ƙullu ta saurari ƙararsa, kuma nauyin muciya a hannunta ne yake gaya mata ko tuwo yana buƙatar ƙarin gari. Idan tana gasa kek a tukunyar yashi, ƙamshi ne yake fara sanar da ita, sannan ta soka tsinke ta shafa da yatsa ta ji ko da sauran danƙo. Robar gishiri mun ɗaura mata zare don ta bambanta da ta sukari, kuma doka ce a gidan kada kowa ya sauya wa wuƙa ko ashana mazauni.

Ko a Amurka, Christine Ha, wadda ta rasa ganinta bayan ta girma, ita ce ta lashe gasar girki ta MasterChef a 2012, daga baya ta buɗe gidan abinci a birnin Houston.

Saboda haka ina roƙon a riƙa faɗin awo da gwangwanin madara ko cokali, a faɗi adadin mintuna, a kuma bayyana ƙara da ƙamshin da ke nuna abinci ya nuna. Zai fi kyau ma ku gayyato mace mai larurar gani da ke girki ta yi bayani da bakinta, musamman kan kunna risho da murhun gas, domin nan ne har yanzu gabana yake faɗuwa.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Zariya