Kafin a sayi kayan fatsar kifin bas, a san abin da aka ƙera su dominsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ina yi maka fatan alheri kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da wasu za su ga kamar wasa ne amma kuɗin mutane ne ke zurarewa a cikinsa, wato kayan fatsa na zamani da matasanmu suka fara yin odarsu ta intanet bayan sun kalli bidiyon Amurkawa a YouTube da TikTok suna fizgo kifin bas daga cikin ciyawa. Ni a jihar Texas nake zaune kuma wannan kamun kifin shi ne abin da nake yi ƙarshen mako in an samu sarari, shi ya sa 'yan uwa ke yawan turo min hoton sanda da ril, wato na'urar naɗe zare da ake ɗaurawa a jikin sanda, suna tambaya "Yaya wannan zai yi?" Ni kuma kullum tambayar da nake mayar musu ita ce, wane kifi za ka kama da shi, a wane ruwa?

Shi kifin bas mai babban baki ɗan asalin Arewacin Amurka ne, mafarauci ne, yana laɓewa a gindin kututture ko ƙarƙashin bado ya jira ƙaramin kifi ko kwaɗo ya gifta ya zuƙe shi. Kuma ba wani ƙaton kifi ba ne kamar yadda kyamara ke nuna shi. Wanda ya kafa tarihi shi ne wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, nauyinsa kilo 10 da 'yan kai, har yau ba a ture shi ba sai dai Manabu Kurita da ya yi kunnen doki da shi da wani da ya kama a tafkin Biwa na Japan a 2009. A nan Texas mafi girma shi ne na tafkin Fork a 1992, kilo 8 da ɗan ɗori. Wanda muke kamawa yau da gobe kuwa kilo 1 ne zuwa 2. To kaga duk wannan tulin kayan da masana'antu ke ƙerawa tun bayan da Ray Scott ya kafa ƙungiyar masu kamun bas ta B.A.S.S. a 1968 aka mayar da abin gasa ta kuɗi, an auna su ne a kan kifin da bai wuce wannan girman ba.

Sanda dai ba ta da wahalar zaɓe. Mai tsawon ƙafa 6 da rabi zuwa 7, mai matsakaicin ƙarfi, ta ishi mai koyo komai da komai. A jikinta kusa da mariƙi an rubuta nauyin ƙoton da za ta iya jefawa da ƙarfin zaren da ya dace da ita, wannan rubutun ba ado ba ne a karanta shi. Ta garafayit ba ta da nauyi kuma ko kifi ya ɗan taɓa za ka ji a hannunka, amma saurin karyewa gare ta in ta bugu da dutse ko ƙofar mota ta datse kanta. Ta faiba ta fi nauyi, ta fi jure wahala, wanda zai riƙa ɗaura ta a bayan mashin ita zan ce ya saya.

A ril ne mutane suka fi asara wallahi. Iri biyu ne manya, akwai sifinin wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, akwai betkasta wanda ke zama a sama, shi ne kuma ake gani a hannun 'yan gasa don haka kowa shi yake so. Matsalarsa in ka yi jifa kwarkwaron da zaren ke kai shi ma juyawa yake, in bai samu babban yatsanka ya tare shi daidai lokacin da ƙoto ya faɗa ruwa ba sai ya ci gaba da gudu zaren ya cukurkuɗe a ciki, wani lokacin ba mai warware shi sai almakashi. Mai koyo ya fara da sifinin mai lamba 2500 ko 3000, ya huta. Kuma kar a ruɗe ku da "boris 18" da ake rubutawa a kwalin masu araha, boris huɗu ko biyar masu kyau irin na Shimano ko Daiwa ko Abu Garcia sun fi tarin waɗanda za su yi tsatsa kafin damina ta fita. Lambar nan ta jikin ril kamar 6.4:1 ma'anarta duk juyi ɗaya na hannu zare zai naɗu a kwarkwaro sau 6 da ɗan wani abu, ita ce tsaka-tsaki kuma ta wadatar.

Abin da ya kamata a duba da gaske shi ne birki, wato abin da ke sakin zare a hankali in kifi ya ja da ƙarfi don kar ya tsinke. Ana saita shi ne a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zaren. Ga hanya mai sauƙi, in zarenka na kilo 6 ne ka cika gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ka ɗaure a bakin zaren, ka ɗaga sanda a hankali, birkin ya fara sakin zare daidai lokacin da gorar ke shirin barin ƙasa. In yana saki yana tsayawa yana fizga to wannan ril ɗin zai sa ka rasa kifi komai kyan fentinsa.

Zare kuma uku ne. Na nailan shi ne mai araha, yana miƙewa, yana yafe wa mai koyo kurakurai da yawa, amma rana na cinye shi kuma in ya daɗe a naɗe sai ya riƙa fitowa a murɗe. Akwai fulorokabon wanda wani kamfanin Japan ya fara fitarwa da sunan Seaguar a 1971, yana nutsewa kuma kifi bai cika ganinsa a ruwa mai haske ba, sai dai tsada da tauri. Sai kitsattse, siriri ne ga ƙarfi, ba ya miƙewa ko kaɗan, shi ake ja da kifi daga cikin ciyawa mai kauri, amma kar ka kuskura ka naɗe shi a hannu ka ja in ya maƙale, yanka yake kamar reza, a naɗe shi a ɗan itace. Kuma in za a zuba shi a kwarkwaro a fara sa ɗan nailan ko salatif a ƙasa in ba haka ba gaba ɗayansa zai riƙa sulɓewa. Kowanne iri ne a jiƙa ƙullin da yawu kafin a tsuke shi saboda zafin gogayya na raunana zare.

Ƙoton bogi kuwa nan ne ido ke ruɗuwa, launi ɗari siffa ɗari. Amma asalin abin ba shi da wani hayaniya. Lauri Rapala masunci ne talaka a ƙasar Finlan, a 1936 ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mai yawo a ruwa ya lulluɓe shi da takardar azurfa ta alewa, don ya lura manyan kifaye sun fi kai wa ƙaramin da ke tangaɗi kamar mai rauni hari. Tanar roba kuma Nick Creme ne ya fara zuba ta a jihar Ohayo a 1949. Har yau in ka ba ni tanar roba koriya mai duhu, da ƙugiya da aka ɓoye tsininta a cikin jikin robar don kar ta kama ciyawa, da 'yar dalma a gaba, sai ɗan kifin roba guda mai nutso da kwaɗon roba guda, na gama shiri. Sauran na kama masu saye ne.

Yanzu ga inda na fi so a ji ni. Wannan kayan in an kai su Tiga ko Kainji ko Dadin Kowa ba bas za su tarar ba. Tarwaɗa da ƙamshi da gashin bakinta take neman abinci, tana ta gaske ko hanjin kaza sun fi mata robar dubu goma. Karfasa yawanci ganye da gansakuka take ci, ƙaramar ƙugiya take so. Tufi ne halinsa ya yi kusa da na bas wajen kwanton ɓauna a ciyawa. Tsage zai kai wa ƙoto mai ƙyalli hari da gudu amma haƙoransa za su datse nailan nan take, dole a sa 'yar waya a gaban ƙugiya. Giwan ruwa kuwa da ke iya haura kilo 100, in babba ta kama sandar bas sai dai ka tsaya kana kallon zarenka yana ƙarewa. Masu kama ta da ƙoton bogi a tafkin Nasir na Masar sanda mai kauri suke riƙewa da babban ril da ƙugiyoyin da ba sa miƙewa. A tambayi Sarkin Ruwa da masuntan wurin me ke cikin ruwan, a wane zurfi, a wane wata, kafin a tura kuɗi.

Sai kula da kaya, wanda shi ne ke raba mai ril ɗin shekara goma da mai sayen sabo duk shekara. Ƙurar hunturu ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce, in ta haɗu da giris ta zama abin da ke cin haƙoran giya, don haka ril ya kwana cikin jaka ko tsohuwar safa, kuma kar a ajiye shi a kan yashi a bakin ruwa. In an dawo a goge shi da tsumma mai ɗan laima, kar a tsoma shi a bokiti kuma kar a wanke cikinsa da fetur irin na bakanike, yana lalata robobin ciki. Boris ɗigon man keken ɗinki ɗaya ya ishe shi, giris kuma na giya ne kaɗai shi ma ɗan shafawa. A sassauta birki gaba ɗaya kafin a ajiye don kar faifan cikinsa su danne su mutu. Zobban da zare ke bi a jikin sanda a riƙa zura musu audugar goge kunne, in ta bar zare-zare to akwai tsaga, kuma wannan tsagar ce ke cin zarenka a ɓoye har ranar da babban kifi zai kama. Mita ɗaya ta ƙarshen zare a riƙa shafa ta da yatsu, da an ji kaushi a yanke a sake ƙulli. Nailan a canza shi duk shekara, a zafin rana irin namu ma kafin nan. Robobi kar a bar su cikin mota a rana narkewa suke, kuma a bar akwati a buɗe ya sha iska bayan an dawo, ƙugiya ɗaya mai laima tana iya sa wa duk na kusa da ita tsatsa. Kaifin ƙugiya a gwada a farce, in ta zame ba ta kama ba a wasa ta.

Na kuma ga wasu suna cewa me zai hana a kawo irin bas ɗin a zuba a madatsun ruwanmu. Don Allah kar a fara. An kai shi Afirka ta Kudu a 1928 ya yi wa ƙananan kifayen asali ɓarna a kogunan yankin Kef, a tafkin Biwa kuma da aka kama wancan ƙaton doka ta hana mayar da shi ruwa in an kama saboda yadda ya cinye kifayen wurin. Masuntanmu da karfasa da ƙananan kifaye suke ciyar da iyali.

Roƙona Malam Edita, ku ɗan ware fili ko sau ɗaya a wata ku riƙa zantawa da masuntan Yawuri da Baga da Nguru kan ƙugiya da zare da lokutan kamu, a kuma ji ta bakin masu sayar da waɗannan kayan a kasuwanninmu. Na gode da wannan dama, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Hustan, jihar Texas, Amurka