Wasiƙa zuwa Kumasi kan darasin ɗinki ta intanet

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da yaran shago. Bidiyoyin da ka turo sun iso, kuma na ji daɗi ƙwarai da ka ƙudura koyar da ɗinki ta intanet. Hannunka kam ba a magana. Jerin darussan ne ya tsaya mini a rai.

Ka fara da wuyan kaftani, alhali mai kallo bai iya riƙe tef ba tukuna. Yaron shago yana gabanka, in ya kauce ka gyara masa nan take. Ɗalibin waya kuwa ba shi da madogara sai tsarin da ka shimfiɗa masa. Kafin ka sake ɗaukar komai, rubuta abin da kake so ya iya ranar da ya kammala, a ce ya ɗinka kaftani da wando shi kaɗai, sannan ka riƙa ja da baya kana tambayar me zai buƙata kafin nan. Za ka tarar awo ne farko: kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu, da yadda ake rubuta su a littafi. Daga nan yanka a kan takarda, kada ya ɓata shaddar mutane. Sai sa zare a keke da ɗinki miƙaƙƙe. Wuya da aljihu su jira can ƙarshe. Haka NOUN, jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, take tsara littattafanta, kashi-kashi, kowane kashi da manufarsa a rubuce tun farko.

Kowane bidiyo ya ɗauki abu ɗaya tak, kamar minti biyar, don data tana cin kuɗi. Ka kafa wayar a saman tebur yadda za a ga almakashi da layin alli sosai. Ka sa wa kowanne lamba a sunansa.

Darussan ka zuba su a tashar Telegram, inda wanda ya shigo daga baya zai same su tun daga na farko. A zauren WhatsApp nutsewa za su yi cikin gaisuwar Juma'a, sai ka bar shi don tambayoyi. Kuma kada kowa ya wuce kashi sai ya turo hoton aikinsa ka duba.

Turo mini jerin in ka rubuta, mu duba tare kafin ka kunna kamara. A gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum,
amininka daga Kano